Shekara ta 2777 a Birnin Rum: Sharhi Kan Wani Kamfanin Zagayawa da Baƙi

Takardar tallar ce ta fara jan hankalina, domin a samanta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk wanda ya shiga wannan zagaye zai yini yana ƙirga shekaru yadda Rumawan dauri suke ƙirgawa, a wurin kwanan wata kuma, maimakon 2024, an buga 2777. Kamfanin ƙarami ne, ɗaya daga cikin ɗimbin waɗanda suke zagayawa da baƙi a ƙafa cikin tsohon birnin Rum, kuma ba zan kama sunansa ba tunda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa. Na saya mana gurbi biyu ta intanet, ni da kawuna, tsohon malamin lissafi wanda ya kawo mini ziyara a garin da nake karatu a Italiya, muka zaɓi ranar Asabar 20 ga Afrilu, jajiberin ranar da birnin yake bikin zagayowar kafuwarsa. Abin da aka yi mana alkawari shi ne sa'o'i biyar, da tikitin shiga gidan kayan tarihi na Capitolini da tsohon dandalin Forum da tudun Palatino, da jagora mai jin Turanci, da ayarin da ba zai wuce mutum goma sha biyu ba.

Ga wanda bai taɓa cin karo da wannan lissafi ba, sunansa da Latinanci ab urbe condita, ma'ana tun daga kafa birni, ana kuma taƙaita shi da haruffa uku, AUC. Shekararsa ta farko ita ce 753 kafin Miladiyya, wadda aka ce a cikinta ne Romulus, sarkin Rum na farko, ya ja layin ganuwar birnin da garma ranar 21 ga Afrilu. Saboda haka shekarar farko ta Miladiyya ta zama 754, shekarar Hijira ta 622 ta zama 1375, duk shekarar Miladiyyar da mutum yake so kuma sai ya ƙara mata 753, idan kuwa ta kafin Miladiyya ce sai ya ɗebe ta daga 754. Lissafi ne da ɗan firamare zai iya, kuma sauƙin nasa ne ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa haka kowane mutumin Rum yake rubuta kwanan wata a wasiƙarsa da takardar bashinsa. Ni ma da wannan zaton na je.

A gaban ginin Pantheon muka haɗu da ƙarfe tara na safe, a nan kuma jagorar tamu, wata mace mai matsakaicin shekaru da ta karanci ilimin haƙo kayan tarihi, ta rushe tallar kamfanin da ya ɗauke ta aiki kafin mu yi taku goma. Ta ce mu ɗaga kai mu dubi rubutun da ke saman ginshiƙan ƙofar, ta karanta shi da Latinanci, sannan ta fassara: Marcus Agrippa ɗan Lucius ne ya gina wannan, yana konsul karo na uku. Ta tambaye mu ko akwai wanda ya ga lambar shekara a wurin, kowa ya yi shiru. Ta ce ai shekarar tana nan a rubuce, ba mu san yadda ake karanta ta ba ne, domin Agrippa ya riƙe muƙamin konsul karo na uku a shekarar 27 kafin Miladiyya, kuma ko da aka sake gina wurin gaba ɗaya a zamanin sarki Hadrian an bar rubutun da sunansa. Konsul su ne shugabanni biyu da ake zaɓa kowace shekara tun bayan da aka kori sarakuna, da sunayensu kuma ake kiran shekarar a kotu da majalisa da kasuwa. Ta kawo misalin shekarar 59 kafin Miladiyya, wadda Yuliyus Kaisar ya yi konsul tare da Bibulus amma ya danne abokin mulkin nasa har ya koma gida ya rufe ƙofa, sai masu barkwanci na birnin suka riƙa kiranta shekarar Yuliyus da Kaisar. Da wani Ba'amurke a cikinmu ya nuna mata takardar tallar, sai ta yi murmushi ta ce wanda ya rubuta bai shawarce ta ba.

Kawu ya taɓa kafaɗata ya ce, “Ɗana, ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakarka ba ta taɓa cewa an haife ni a alif ɗari tara da kaza ba, cewa take yi shekarar da fara ta cinye gero.” Na ce, “Haka ne, Kawu, Larabawa ma da Shekarar Giwa suke kwatance kafin Sayyidina Umar ya tsayar da lissafin Hijira.” Daga wannan lokaci ya daina ganin zagayen a matsayin asarar kuɗina.

Ƙorafina na farko ya bayyana ne a kan hanya. Da na ƙirga ayarin sai na tarar mu goma sha tara ne, ba goma sha biyu ba, ƙananan rediyoyin da aka raba mana mu saƙala a kunne kuma ba su isa ba, wanda ya samu ma idan ya yi nisan taku ashirin da jagorar sai ƙara kawai yake ji. Titunan tsohon birnin da ƙananan baƙaƙen duwatsu aka shimfiɗa su, hawan tudun Capitolino kuma, duk da cewa matakalarsa mai faɗi ce, ba wasa ba ne ga dattijo mai ciwon gwiwa. Babu inda kamfanin ya ambaci wannan a shafinsa.

Abin da ya biya kuɗin duka yana cikin ɗaki guda a fadar Conservatori, wani ɓangare na gidan kayan tarihin Capitolini, ɗakin da aka ajiye sanannen gunkin tagulla na macen kyarkeci tana shayar da tagwaye Romulus da Remus. Kowa da ya shigo wurin gunkin yake nufa da waya a hannu, ya juya wa bangon baya, alhali bangon ne abin kallo. An manne shi da gutsattsarin allunan farin dutse da ake kira Fasti Capitolini, waɗanda aka sassaƙa a zamanin sarki Augustus, aka tono su a dandalin Forum a 1546 da 1547 lokacin da ake haƙar duwatsun gini. Kadinal Alessandro Farnese ne ya sa aka tattara su, aka kuma damƙa wa shahararren masassaƙi Michelangelo aikin shirya su. Jagorar ta matso da mu har hancinmu ya kusa taɓa igiyar da ta raba mu da bangon, ta haska da ƙaramar tocila. Baƙaƙen ƙanana ne, a jere layi bisa layi, kowane layi sunaye biyu, kowane suna da harafin sunan uba da na kaka a bayansa, tamkar yadda ake jero nasabar malamai. Inda dutsen ya karye an cike gurbin da fili, shekaru goma ko ashirin sun tafi ke nan. Sai ta kai hasken can gefen hagu, inda ido ba ya zuwa da kansa, ta nuna mana wasu lambobi da suke fitowa sau ɗaya a kowace shekara goma. Waɗannan, in ji ta, su ne shekarun kafa birni: sunayen mutane ne jikin lissafin, lambobin kuwa alamar gefe ce don mai bincike ya san inda ya kai. Ban taɓa ganin an warware wata mas'ala ta tarihi da hasken tocila cikin minti ɗaya kamar haka ba.

A gefen jerin konsul akwai jeri na biyu, na jarumawan da aka yi wa hawan nasara bayan sun dawo daga yaƙi, wanda ya fara da Romulus kansa a shekara ta ɗaya. A wannan jerin kowane hawa yana da lambar shekararsa. Layin ƙarshe, can ƙasan dutsen inda babu sauran fili, na Lucius Cornelius Balbus ne, wanda aka yi wa hawa a watan Maris na shekarar 19 kafin Miladiyya saboda yaƙin da ya yi a Afirka, bayansa kuma ba a sake yi wa wani wanda ba ɗan gidan sarauta ba. Da jagorar ta ce mutanen da ya yaƙa su ne Garamantes na yankin Fazzan a Libiya ta yau, kuma cikin garuruwan da aka lissafa ya ci har da Cydamus, wato Gadamis, sai ni da Kawu muka dubi juna, domin wannan shi ne garin da fatakensa suka daɗe suna ratso Sahara zuwa Kano. Ba mu zaci za mu ji sunansa a wannan ɗaki ba.

A kan layin Balbus ɗin ne ta ba mu aikin gida. Ta ce mu ɗebe 19 daga 754, sannan mu karanta abin da aka sassaƙa. Kawu ya zaro biro daga aljihun gaba ya rubuta a bayan tikitinsa, ya samu 735, a jikin dutsen kuwa DCCXXXIV ne, wato 734. Ya sake lissafawa, ya ce ko dai shi ya yi kuskure ko masassaƙin, kuma shi bai yi ba. Amsar ita ce babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, domin waɗanda suka tsara waɗannan alluna daga 752 suka fara ƙirga, ba daga 753 ba. Wato a tsakiyar birnin, a zamanin Augustus, a kan dutsen da hukuma ta kafa, ba a ma yi ittifaƙi kan shekarar da aka kafa birnin ba.

Daga nan ta shiga tarihin saɓanin, kuma a ganina wannan ne mafi daraja a cikin bayananta. Timaeus, marubucin Girkanci daga tsibirin Sisili, ya kai kafuwar Rum wajen 814 kafin Miladiyya, shekara ɗaya da birnin Kartaj na Arewacin Afirka. A cikin marubutan Rum kuwa, Fabius Pictor ya ce wajen 748, Cincius Alimentus ya sauko da ita wajen 729, Cato Babba kuma ya ƙirga shekara 432 daga faɗuwar birnin Troy. Shekarar 753 da ta yi rinjaye ana jingina ta ga Marcus Terentius Varro, babban malamin da ya rayu daga 116 zuwa 27 kafin Miladiyya, wato shekara ɗari bakwai bayan abin da yake ƙoƙarin sa wa rana. Hanyar da aka bi ita ce a ƙirga sunayen konsul da baya har zuwa 509, shekarar da aka ce an kori sarki na ƙarshe, sannan a ƙara shekara 244 na sarakuna bakwai. Duk mai hankali zai tsaya a nan, domin sarakuna bakwai a jere kowannensu ya yi kusan shekara talatin da biyar a kan karaga, alhali wasunsu kashe su aka yi, abu ne mai wuyar haɗiyewa. Jerin konsul ɗin ma bai cika ba, sai da aka yi masa ciko da wasu shekarun da aka ce babu shugabanni, da wasu huɗu, 333 da 324 da 309 da 301, waɗanda aka ce shugaban gaggawa ne ya yi mulki shi kaɗai, masanan zamani kuma suna ganin ƙirƙirarsu aka yi don lissafin ya daidaita. Varro har ya sa abokinsa Lucius Tarutius, masanin taurari, ya yi duba da baya, ya ɗauki abubuwan da suka faru a rayuwar Romulus ya gano daga gare su ranar da aka ɗauki cikinsa da ranar da aka haife shi. Kawu ya ce bai taɓa jin ɗan duba da aka biya don ya faɗi abin da ya riga ya wuce ba.

Ta nuna mana harsashin haikalin Jupiter da ke cikin gidan, ta ambaci ruwayar marubucin tarihi Livy cewa akwai tsohuwar dokar da ta ce a buga ƙusa ɗaya a bangon haikalin kowace ranar 13 ga Satumba don ƙidayar shekaru. Ta ƙara da cewa shi Livy, wanda babban littafinsa na tarihin Rum mai kundi 142 yake ɗauke da sunan wannan lissafi, da sunayen konsul yake raba shekarunsa a ciki. Tana tsaka da wannan bayani wayarta ta yi ƙara daga ofis, aka ce mun makara. Minti ashirin da biyar kawai muka samu a ɗakin allunan.

Dandalin Forum a guje muka ratsa shi, ba ni da abin cewa a kansa. A tudun Palatino ta sake samun numfashi. Ta kai mu wani lungu da aka rufa wa rumfa, inda ake ganin ramukan dirkoki a jikin dutse, alamar bukkokin ƙarni na takwas kafin Miladiyya, ƙanana, masu siffar ƙwai, waɗanda ba su fi bukkar makiyayi girma ba. Ranar 21 ga Afrilu ma asalinta bikin makiyaya ce mai suna Parilia, ranar da ake share garke, a yi wa tumaki hayaƙi, a kunna tarin ciyawa a riƙa tsallake wuta. Ta ambaci katangar da masanin haƙo kayan tarihi Andrea Carandini ya tono a gindin tudun a 1988, wadda ya danganta da tsakiyar ƙarni na takwas, amma ta yi adalci ta ce masana da yawa ba su yarda a ɗaura ta a wuyan Romulus ba, kuma an samu alamun zaman mutane a waɗannan tuddai ɗaruruwan shekaru kafin 753. Na yaba mata da ba ta sayar mana da tatsuniya a matsayin tarihi ba, ba ta kuma yi wa tatsuniyar izgili ba.

Daga bakin tudun ana hango filin sukuwa na Circus Maximus, inda masu wasan kwaikwayon tarihi suke kafa rumfuna don bikin washegari. A nan ta bayyana waɗanda lambar shekarar ta fi yi wa amfani, wato sarakuna masu neman a ga zamaninsu da girma. Claudius ya yi gagarumin biki a shekarar 47 Miladiyya da sunan shekara ta 800, an yi na 900 a zamanin Antoninus Pius, sannan a 248 sarki Filibus Balarabe, haifaffen Shahba a ƙasar Siriya, ya yi bikin cika shekara dubu, ya buga kuɗi da hoton zaki da dorina da barewa, shekara guda bayan haka kuma aka kashe shi. Kawu bai bar wannan ma ya wuce ba, ya lura cewa 47 ita ce shekara ta 800 amma 248 ita ce ta 1001, ke nan ɗaya ya yi biki a cikin shekarar, ɗayan ya jira ta cika. Bisa wannan ma'auni, tunda babu shekarar sifiri tsakanin kafin Miladiyya da bayanta, a washegarin ranar birnin zai cika 2776 ne ya shiga ta 2777.

Ɗan littafin da kamfanin ya raba mana yana da kuskuren da ya kamata a gyara. Ya ce wannan lissafi ne kalandar hukuma har zuwa lokacin da wani malamin coci, Dionysius Exiguus, ya maye gurbinsa da Miladiyya a 525. Abin da Dionysius ya kawar a jadawalinsa na ranakun bikin Ista na Kiristoci shi ne lissafin zamanin Diocletian da ya fara a 284, domin bai so a ci gaba da tunawa da sarkin da ya tsananta wa Kiristoci. Naɗa konsul bai tsaya ba sai a 541, tun a 537 kuma sarki Justinian ya wajabta rubuta shekarar sarautarsa a takardun hukuma. Marubuta irin su Orosius na ƙarni na biyar ne suka riƙa amfani da shekarun kafa birni a kai a kai, masu buga tsofaffin littattafai a Turai kuma daga baya suka cika gefen shafuka da su.

Ƙorafina mafi girma shi ne yadda aka ƙare. Dalilin gaggawar da aka yi mana ya bayyana lokacin da aka tsayar da mu a wani shagon tsaraba na kusan minti arba'in, wanda ba a rubuta shi a jadawalin ba, jagorar kuma ta tsaya a waje tana duban agogo, da alama ba da son ranta ba ne. A shagon na sayi kwaikwayon wani kuɗin Hadrian na shekarar 121 Miladiyya, domin na asalinsa yana cikin 'yan ƙalilan ɗin kuɗaɗen Rum da suke ɗauke da shekarar kafa birni: an rubuta ANN DCCCLXXIIII NAT VRB, wato shekara ta 874 da haihuwar birni, da hoton mutum a kishingiɗe yana riƙe da ƙafar keken doki. Kwaikwayon bai da nauyi, ruwan zinariyar da aka shafa masa ya fara tashi a gefe tun kafin mu isa tashar jirgin ƙasa, amma baƙaƙen sun fito sarai, na kuma karanta su da kaina, abin da ba zan iya ba da safiyar ranar.

Idan aka tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, zan ce ta biya, amma jagorar ce ta biya, ba kamfanin ba. Mai son ɗaukar hoto a wurare da yawa cikin yini ɗaya zai gaji da tsayuwa a gaban bango, wanda kuma ya riga ya iya karanta lambobin Rumawa da gajerun rubutunsu gara ya sayi tikitin gidan kayan tarihin da kansa ya zauna awa guda a ɗakin kyarkecin babu mai kiransa a waya. Sauran mutane irina, waɗanda sai an haska musu gefen dutsen za su gani, su nemi kamfanin ya rubuta musu adadin ayarin, su tambayi ko jagoran ya karanci fannin, su kuma tambaya ƙarara ko akwai tsayawa a shago. A sa takalmi mai laushin tafi, a riƙe gorar ruwa, domin famfunan titi na birnin kyauta ne kuma ruwansu da sanyi.

A cikin jirgi Kawu ya karɓi ɗan akwatin kuɗin yana jujjuyawa, ya zaro katin bayanin da ke ciki, sai ya ga mai shagon ya rubuta cewa an buga kuɗin a shekarar 874 Miladiyya. Ya gyara zaman tabaronsa, ya zaro biron nan, ya soke lambar, ya rubuta a ƙasanta 874 a ɗebe 753, ya ja layi, ya rubuta 121, sannan ya miƙo mini.